Tsakanin Santi da Kushe: Kalmomin da Ke Cikin Kofin Shayi

Bahaushe ba ya yabon abinci da loma a baki. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san dalili. Ana tsakiyar cin tuwo ka ce miyar nan ta yi, ko ka ɗauko wata hira mara kai da gindi, nan take za a dubi juna a kwashe da dariya, a ce santi ya ɗebe ka. Tun yaro yana ƙarami yake koyon kame bakinsa don kada ya zama abin tsokana a tsakar gida. A ɗaya gefen kuma akwai katangar da ta fi wannan tsayi, wato hanin kushe. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Shi ya sa baƙon kirki ba ya cewa gishiri ya zarce, ko da kuwa ya zarce ɗin.

Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba na fatan ganin ranar da za ta gushe. Tsoron santi yana hana zalama, hanin kushe yana kare mutuncin wadda ta yini a gaban murhu. Sai dai a ɗan lungun da ke tsakanin katangun nan biyu mun bar wata dukiya tana lalacewa. Hausa tana da kalmomin ɗanɗano birjik, kowacce da gurbinta: zaƙi, ɗaci, bauri, tsami, yaji, garɗi, maƙaƙi, zartsi, lami. Amma yau in ka tambayi mutum yadda ya ji abin da ya sha, amsar ba ta wuce "ya yi daɗi" ko "ba daɗi". Daɗi ya haɗiye 'yan'uwansa. Shi ne na tuwo, shi ne na barci, shi ne na labari, shi ne na iskar damina. Mai faɗar daɗi a kan komai kamar mai unguwa ne da ke kiran kowa da "wane": ya san akwai mutane a unguwarsa, amma bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ina ganin babu inda ya fi dacewa a kwance bakin wannan jaka kamar teburin mai shayi. Shayi ba ya shayuwa da gaggawa, zafinsa ba zai bari ba. Tsakanin kurɓa da kurɓa akwai sarari, kuma hira ce ma ta tara mutane a kan bencin, don haka ba a cika zargin mai magana da santi ba.

Gyadi-Gyadi da Tarauni suna da irin waɗannan tebura ko ta ina. Bi Titin Zariya ta wajen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka shiga Titin Kotu, ka zagayo ta bakin Kasuwar Tarauni, ka miƙa har tashar Unguwa Uku. Bayan sallar Asuba da bayan Isha'i ba za ka yi nisa ba ka ga tururi yana tashi. Direban adaidaita sahu yana nan, ɗalibi yana nan, ma'aikacin da ya kwana a bakin aiki yana nan, ga kuma ɗan jinya riƙe da filas zai kai wa mara lafiya. A kan tebur an jera gwangwanayen madara da na Bournvita da Milo, burodi a leda, ƙwai a kiret, babbar buta tana kan wuta. Mai shayi ya tsiyayo ta cikin rariya, ya ɗaga kofi ɗaya sama da kansa, ɗaya a ƙasa, ya sheƙa ruwan ya miƙe zar, ya mayar, ya sake, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Wannan ba burga ba ce kawai. A sheƙawar nan sukari yake narkewa, zafi ya sassauta, kumfa ta taso, ƙamshi ya buɗe.

Saurari abin da ake faɗa a wurin. "Malam, haɗa min kakkaura." "Alhaji, yau ma ruwan bunu ne, ko a sa madara?" "A ƙara citta, mura nake yi." "Don Allah kada ya ji sukari." Wannan kalma ta ƙarshe abin lura ce. Da ji muke jin magana, da ji muke jin ƙamshi, da ji muke jin zafi da ɗanɗano, da ji muke fahimta. Har shayin kansa yana ji: ya ji madara, ya ji citta, ya ji wuta. Tunda aikatau guda ne ya ɗauki wannan kaya duka, nauyin bambancewa ya koma kan sunan abin da aka ji. In sunan ya ɓace, ji ya zama dunƙule, ba a san me aka ji ba.

Dubi kauri da ƙauri. 'Yar lanƙwasa ce a kan harafi ta raba su a rubutu, amma a baki tsakaninsu tafiyar yini ce. Kauri yabo ne: madara ta wadata, shayi ya yi jiki. Ƙauri kuwa ƙorafi ne: an bar tukunya a wuta har gindinta ya kama, warin ƙuna ya shiga ruwan, ba sukarin da zai fitar da shi. Masu rubutu a waya da ba sa sa lanƙwasa sukan rubuta su iri ɗaya, sai mai karatu ya yi ta laluben wanne ake nufi. Kuma ƙauri daban, ƙamshin hayaƙi daban. Shayin da aka dafa a kan itace yakan ɗauki wani ɗan hayaƙi da wasu ke nema da gangan. A duwatsun Wuyi na lardin Fujiyan a ƙasar Sin, da hayaƙin itacen fayin ake busar da wani irin ganye mai suna Lapsang Souchong, ana kuma sayensa da tsada saboda hayaƙin nan. Wanda bai raba kalmomin biyu ba zai zubar da mai kyau, ko ya shanye gurɓatacce.

Ganyen kansa bishiya ɗaya ce ke ba da shi, baƙi ne ko kore. Bambancin yana wajen sarrafawa: koren ana gasa shi ko a turara shi da wuri don ya tsaya a launinsa, baƙin kuwa ana murza shi a bar iska ta yi aiki a kansa har ya rine. Sin ce kan gaba wajen nomansa, Indiya na biye, Kenya kuma ta yi fice wajen fitar da baƙin ganye, wanda ake gwanjonsa a Mombasa. Mu ma muna da namu a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea. Duk da haka, a bakin yawancinmu duk ganyen da ke cikin 'yar jaka mai zare sunansa Lipton, sunan wani ɗan kasuwar Gilasgo, Thomas Lipton, wanda ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon, Siri Lanka ta yau, a 1890. Abin da ke cikin jakar galibi ɓarzajjen ganye ne mai laushi. Yana sakin launi da ƙarfi cikin ɗan lokaci, shi ya sa ya dace da mai sauri. Ganyen awo, wanda ake ɗiba da cokali, a hankali yake warwarewa a ruwa, yana sakin abin da ke cikinsa kashi-kashi. Yana da wata falala kuma: kana iya zuba shi a tafin hannu ka duba, ka sansana, ka ga ko ganye ne ko kara da ƙura. Gani ya kori ji.

A irin wannan ganye ne kalmominmu suke samun aikin yi. Ɗaci shi ne na farko da ke gaishe ka, kuma wani ɓangarensa daga sinadarin kafeyin yake, wanda shi ne dai a cikin goro. Bauri ba ɗaci ba ne, ko da yake sau da yawa tare suke tafiya. Shi ne bushewar nan da baki ke yi, harshe ya yi kaushi, irin wadda ɗanyar kanya ke jawowa. Masana sun ce wasu sinadaran ganyen ne ke kama sinadaran yawu su rage masa santsi, wato bauri taɓawa ce baki ke ji. Madara tana kama waɗannan sinadarai kafin su kai ga yawu, shi ya sa take kwantar da shi. Maƙaƙi a maƙogwaro yake tsayawa, alamar ganye ya daɗe a wuta fiye da kima ko garin citta ya yi yawa. Garɗi shi ne wanda ke zama a baki bayan an haɗiye, ya sa mutum ya ɗan dakata kafin kurɓa ta gaba. Lami kuwa, ko a ce salam, shi ne shayin da aka yi wa rowar ganye: ga launi, ga zafi, babu kowa a gida.

Zartsi laifin ruwa ne, ba na ganye ba. Tun wajen shekara ta 760 wani masani a Sin mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kan shayi, a ciki har ya jera ruwa daraja-daraja, ya fifita na dutse a kan na kogi, na kogi a kan na rijiya. Mai shayin Kano bai karanta shi ba, amma ya san ruwan wace rijiyar burtsatse ne ke kashe masa ganye, ya san ɗan garuwar da zai saya a wurinsa da wanda zai bari ya wuce.

Sai kayan haɗi, inda gwanintarmu ta fi bayyana. Rumfunan kayan ƙamshi a Kasuwar Rimi da Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, makaranta ce ga mai son koyo. Citta yaji gare ta mai gangarawa ƙirji ya zama ɗumi. Yawancinta daga Kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kaciya, kuma da cuta ta faɗa wa gonakinta a 2023 har teburin mai shayi sai da ya ji a jikinsa saboda tsada. Kanumfari, wanda asalinsa tsibiran Maluku ne a Indunusiya kafin ya yi gida a Zanzibar da Pemba, ƙamshinsa kaifi gare shi, yana kuma sa harshe ya ɗan yi nauyi. Abin da ya sa ake danna shi a haƙori mai ciwo ke nan, abin da ya sa kuma ƙwaya biyu ko uku sun ishi buta. Kimba tana da ƙamshi mai duhu da ɗan ɗaci a ƙarshe, ita ce mutanen Senegal ke sa wa gahawar Tuba. Masoro yajinsa a gaban baki yake tsayawa, ba ya nisa. Kirfa tana sa hanci ya ji zaƙi tun ba a sa sukari ba. Na'ana'a tana kawo sanyi a tsakiyar zafi. Goruba garɗi take bayarwa da ɗan zaƙi mai kunya. Zoɓo yana rina ruwa ja wur ya kawo tsami, amma ba ya shiri da madara, yana haɗuwa da ita take tsinkewa.

Kowanne kuma da lokacin shigarsa. Masu tauri, irin citta da kirfa da kimba da kanumfari, su ake fara tafasawa don sai sun ji wuta suke saki. Baƙin ganye ya biyo baya, minti 3 zuwa 5 sun ishe shi. Ɗanyen ganye irin na'ana'a sai an sauke ake jefa shi a rufe, in ya tafasa ƙamshinsa ya bi tururi. Wannan ilimi ne cikakke, daidai yake da na masu yin Earl Grey da man ɓawon wani lemo da ake nomawa a Kalabiriya ta Italiya, ko na mutanen Fuzhou da ke kwantar da ganye cikin furen yasmin dare bayan dare har ya ɗauki ƙamshinsa, ko na Indiyawa da shayinsu na masala. Abin da suka fi mu shi ne sun raɗa wa haɗe-haɗensu suna, sun rubuta. Namu yana hannun mai shayi da uwar gida, in sun tafi ya tafi da su.

Wanda yake son ganin yadda ganye ɗaya ke sauya magana, ya zauna wurin Abzinawa, waɗanda muka fi sani da Buzaye, masu gadi a ƙofofin gidaje da shaguna a Tarauni. Kayan aikin ba su da yawa: ɗan murhun waya, gawayi kaɗan, 'yar buta da ba ta fi tafin hannu biyu ba, finjali biyu ko uku, da koren ganyen Sin. Ya zuba ganye ya bar shi ya dahu a hankali, ya sa sukari, ya tsiyaya a finjali daga sama, ya mayar buta, ya sake, har kumfa ta tsaya a bakin kowane finjali. Ba ya miƙa maka sai ya ɗanɗana. Na farko yana zuwa da ɗaci da bauri masu ƙarfi, kurɓa uku ne amma sai ido ya buɗe. Ya ƙara ruwa a kan ganyen nan dai, wataƙila da na'ana'a. Na biyu ya zo ɗaci ya ja baya, ƙamshi ya shigo gaba. Na uku zaƙi ne da ɗan abin da ya rage na ganyen. Ana iya cin awa guda ko fiye a kan wannan. In baƙo ya sha ukun ya ce duka sun yi daɗi, gaskiya ya faɗa, amma bai ba mai dafawa labarin komai ba.

Wannan salo ta hamada ya iso mana. Koren ganyen Sin ya yaɗu a Maroko a tsakiyar ƙarni na 19 ta hannun fataken Ingila, daga nan ayarin raƙuma suka tsallaka da shi Sahara. Sunan da suke kiransa da shi a can shi ne atai. Kalmar shayi kuwa daga Larabci muka karɓe ta, ita ma in an bi sawunta sai an dangana da Sin. Abin bai daɗe a wurinmu ba kamar yadda muke zato. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka Kano a 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ba da labarin wani saurayi ɗan gidan sarauta da ya yi ɗari-ɗari da kofin shayin da ya miƙa masa, don ana raɗe-raɗin baƙon yana iya mai da mutum dabba. Shekara 200 bayan haka, abin da aka ji tsoro ya zama karin kumallon birni. Har yanzu kuma wasu dattawa ruwan zafi suke ce masa, suna mai sauƙi irin na ranar da aka fara haɗuwa.

To, ina matsayin ladabi a duk wannan? Siffantawa ba kushe ba ce, ba kuma santi ba ce. Mai kushe yana ƙasƙantar da abin da aka ba shi. Mai santi daɗi ne ya kwance masa linzami, magana take fita ba da saninsa ba. Mai siffantawa kuwa hankalinsa yana tare da shi, ya lura, ya jira ya gama, sannan ya ce: "Hajiya, kanumfarin nan ya zauna daidai, ga kuma wani garɗi a ƙarshe, goruba kika sa?" Duba fuskar wadda aka faɗa wa haka. An gaya mata cewa wahalarta ba ta tafi a banza ba, an ga abin da ta yi. Ni a wurina wannan reshe ne na godiya. Alhamdulillahin wanda ya san abin da aka ba shi ta fi nauyi a kan ta wanda ya kwankwaɗe ya tashi.

Abu biyu ne ke toshe wannan lura, kuma duka biyun sun shafi lafiya. Na farko sukari. In ya yi yawa, shi kaɗai ake ji, citta da kanumfari da ganye duk sun zama 'yan rakiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Mai shan kakkaura safe da dare, ga lemon kwalba a tsakani, ya lissafa da kansa. Rage cokali ɗaya ba ya rage daɗi, ƙofa yake buɗe wa sauran ɗanɗanon su shigo.

Na biyu ya fi muni. Kalmar haɗi tana da fuska biyu a garin nan. Akwai haɗin ƙamshi, akwai kuma haɗin da ake yi don a gusar da gajiya da ƙarfin tsiya ko a juya hankali. Shayin gadagi sananne ne a Kano tun zamanin 'yan acaɓa, har masu bincike a Jami'ar Bayero sun yi nazarin tasirinsa a jiki. Wasu kuma sukan kai ga jefa zaƙami a tukunya, alhali zaƙami guba ne da ke iya haukatarwa, yana iya kisa. A irin wannan wuri sukari mai yawa mayafi ne, yana rufe ɗacin da ya kamata ya gargaɗi harshe. Matashin da ya saba rarrabe ɗacin ganye da baƙon ɗaci, wanda kuma bai ɗauki tambayar "me aka sa a ciki?" a matsayin rashin kunya ba, ya fi kusa da tsira. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

A manyan kasuwannin shayi na duniya ɗanɗanawa sana'a ce mai ƙa'ida. Akwai ma'aunin da aka amince da shi tun 1980: giram 2 na ganye a ruwa mililita 100, a bar shi minti 6. Mai ɗanɗanawa ya zuƙa da ƙara don ruwan ya watsu a baki ƙamshi ya hau hanci, ya tofar, ya faɗi kalma ɗaya ko biyu, kuma a kan kalmar nan farashin buhu yake hawa ko ya sauka. Ba su fi mu harshe ba. Sun dai riƙe kalmominsu da muhimmanci, mu kuwa mun bar namu a ƙamus. Suna nan a na Bargery na 1934, suna nan a Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, suna jiran mai ɗauka.

Kirana na farko ga marubuta ne, musamman masu ƙagaggun labarai na Kano. Sau nawa muka karanta cewa ta haɗa masa shayi mai kauri, aka wuce? A jimla ɗaya za a iya nuna mana gidan da ake sa kimba da gidan da ba a sa wa, amaryar da hannunta ya zarce a kanumfari saboda fargaba, tsohon da ya koma ruwan bunu bisa umarnin likita yana kewar madara. Halin mutum da arzikinsa da asalinsa duk suna cikin kofinsa. Kira na biyu ga malaman Hausa da iyaye: a sa yaro ya ɗanɗana goro da tsamiya da citta da goruba, ya faɗi sunan abin da ya ji, kafin ya girma da kalma ɗaya tak. Kai kuma mai karatu, gobe in ka zauna a benci, ka ce a rage maka sukari, ka sansana kafin ka kurɓa, ka tambayi mai shayi abin da ya zuba da lokacin da ya zuba shi. Zai ba ka amsa da murna, domin an daɗe ba a tambaye shi ba. Kalmar da ba a furtawa mutuwa take yi, kuma babu mai raya mana waɗannan sai mu da muke da su.